A Duba Wanda Za A Tsayar

A watan Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomin Nijeriya 774 kuɗinsu kai tsaye, kada kuma kowa ya riƙe su sai zaɓaɓɓe. To, ashe nauyi ya koma wuyan jam'iyyu, gama su ke tsai da 'yan takara. Sau da yawa mukan ga an tsai da mutum saboda ubangidansa, ba don amanarsa ba. Alhali kuwa daga wannan baitulmali albashin malaman firamare ke fitowa. Muna roƙon shugabannin jam'iyyu su bar jama'ar kowace mazaɓa su fid da gwaninsu a fili. Ku malamai, ku tuna wa mutane: tun ran gini, tun ran zane.