SHARHI: Masu farautar saƙon ɓoye a littattafan yara sun bar jaki suna dukan taiki

A shekarar 2023 hukumomin jihar Kano suka hana amfani da wasu littattafai shida a makarantu, bisa zargin suna ɗauke da abin da ke ɓata tarbiyya. A watan Oktoba na wannan shekarar hukumar tace finafinai da ɗab'i ta jihar ta ba da sanarwar kama kwafi fiye da 1,200 na ɗaya daga cikinsu, wato Queen Primer, har majalisar wakilai ta Abuja ta nemi a hana shi a duk faɗin Najeriya. Littafin na koyon harufa ne, wanda aka fara bugawa a Birtaniya tun ƙarni na 19, kuma babban abin da ya tayar da ƙurar shi ne kalmar "gay", wadda a Ingilishin wancan zamani take nufin fara'a da murna, tun kafin ta ɗauki ma'anar da aka san ta da ita yanzu.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Maine-Sorwa da rigimar Kano? Ruwanmu ne ƙwarai, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Hanyar da tattasan Kumadugu ke bi zuwa kasuwannin Najeriya, ita ce kaya ke biyowa su dawo mana ta Gaidam da Damasak, har da littattafai, har da jita-jita. Ga kuma yaran ƴan gudun hijira na Borno da Yobe da ke zaune tare da namu.

Bari mu fara da gaskiyar iyaye. Uba yana da iko, kai wajibi ne a kansa, ya buɗe jakar ɗansa ya ga abin da ake karantar da shi. Kuma littafin yara bai taɓa zama fanko ba. Iyayenmu da suka yi lakol da Mamadou et Bineta na André Davesne sun san cewa tare da haruffa akwai wata irin duniya da Nasara yake son su karɓa. A cikin Tintin au Congo, wanda ya fito a 1930 da 1931, an nuna Bature yana koya wa yaran Kwango cewa Beljiyam ce ƙasarsu, har sai da marubucin da kansa ya maye darasin da lissafi a bugun 1946. Amma a lura da abu guda: waɗannan saƙonni a fili suke, a tsakiyar shafi, kowa na iya karanta su ya nuna wa maƙwabcinsa. Ba a bukaci madubin likita ko juya hoto ƙasa-sama kafin a gan su ba.

Farautar saƙon ɓoye wata sana'a ce daban. Mai yin ta yakan riga ya yanke hukunci, sa'an nan ya shiga neman hujja, kuma wanda ya shiga littafi da niyyar samun laifi ba zai fito hannu biyu ba: kalma ɗaya da aka tsinko daga cikin jimlarta, ko launin rigar wani yaro a hoto, ko yawan taurarin da ke bango, duk sun isa. In aka ce masa babu kome, sai ya ce ai ƙwarewar masu makircin ke nan. Zargin da babu amsar da za ta iya kashe shi ba bincike ba ne. Kuma kowane ɓangare yana wannan wasa. A 1971 wasu marubuta biyu, Ariel Dorfman da Armand Mattelart, suka wallafa littafi a Cile suna cewa zanen Donald Duck yana cusa wa yara aƙidar jari-hujja ta Amurka. Bayan juyin mulkin 1973 sojojin Pinochet suka ƙone nasu littafin. A Kano ma, a 2007, gwamna Ibrahim Shekarau ya jagoranci ƙona littattafan soyayya na Hausa a wata makarantar ƴan mata, amma ba a daina rubuta su ba, ba a kuma daina karanta su ba.

A jihar Difa wannan magana ta wuce gardamar masana. Mun ga inda zargin takarda yake kai al'umma. Bayan hare-haren Boko Haram a Difa da Boso a watan Fabrairu na 2015, kafin ƙarshen shekarar an rufe lakol fiye da 150 a bakin Kumadugu, yara dubbai suka koma gida ko suka bi iyayensu gudun hijira. Waɗanda suka jawo haka sun gina kiransu ne a kan cewa duk karatun boko guba ne da aka lulluɓe. Ba mu ce duk uban da ya yi shakkar wani littafi ɗan ta'adda ba ne, Allah ya kiyaye. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da muke cewa shi ne, a yankin da ake lallashin iyaye su mayar da ƴaƴansu aji, musamman ƴan mata, duk jita-jitar da aka saki game da littafi tana iya rufe ƙofar lakol ba tare da an harba bindiga ba. Garin da ya haifi Tanja Mamadu a 1938 ya san darajar yaron da aka bari ya yi karatu.

Babban abin kunyarmu kuwa ba a ɓoye yake ba. Duk ma'aikacin da ya taɓa zagaya ƙauyuka ya ga aji na zana inda yara da yawa ke leƙen littafi ɗaya, ya ga ɗan Manga ko Bafulatani ko Batube yana haddace Faransanci da bai san ma'anarsa ba. Yaron da ba ya iya karanta jimla, wane saƙon ɓoye zai same shi? Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da harsunan gida a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta amince da shi, kuma kundin 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa. Ina littattafan?

Saboda haka ga kiranmu. Ma'aikatar ilimi da cibiyar INDRAP su fitar da jerin littattafan da aka amince da su, a liƙa shi a kowace lakol da kowace kasuwa, a karanta shi a rediyon gari da Barbarci da Fulatanci da Hausa. A kowace gunduma a sami kwamitin da ya haɗa malaman lakol da malaman addini da ƙungiyar iyayen yara, maza da mata, wanda zai karɓi ƙorafi, ya karanta littafin daga farko har ƙarshe tare da wanda ya san harshen, ya ba da amsa a rubuce da dalilinta. A 2014 gwamnati ta janye darasin lafiyar haihuwa bayan ƙungiyoyin addinin Musulunci sun yi ƙorafi. Da an zauna da su kafin a buga shi, da ba a yi asarar kuɗi da amana ba. Ƴan kasuwa kuma su tambayi asalin abin da suke saro wa yara kamar yadda suke tambayar asalin magani. Ƴan siyasa kuwa su cire hannunsu, domin tsoron iyaye ba kayan yaƙin neman zaɓe ba ne.

Wanda kuma aka kawo masa labarin littafi mai guba, kafin ya isar da shi gaba ya nemi a nuna masa shafin, ya karanta abin da ke gabansa da abin da ke bayansa. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba Kumadugu zaman lafiya.