Labarin Tsakar Gida Ma Labarin Ƙasa Ne



Akwai ƙorafin da aka daɗe ana yi a kan marubutan Hausa, musamman mata. Wai ƙasa na cin wuta, su kuwa ba abin da ya dame su sai labarin kishiya da uwar miji da kuɗin cefane. Sai ka ji ana tambayar ina magadan Malam Sa'adu Zungur, wanda tun kafin samun 'yancin kai ya tsare Arewa da tambayar irin mulkin da za ta zaɓa. Malam Sa'adu ya cancanci a yi kewarsa. Amma ƙorafin kam ban yarda da shi ba, domin wanda ya leƙa tsakar gida da idon basira, ƙasar ya gani.

Mu ɗauki littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990. Babu gwamna a cikinsa, babu zaɓe. Rabi ce da 'ya'yanta tara, da mijinta Alhaji Abdu, ɗan kasuwa mai rufin asiri, wanda hannunsa ke ƙanƙancewa in an zo cefanen gida, ya buɗe in an zo hidimar Delu da yake nema a waje. Ya auro Delu, ya kori Rabi da yaranta. Rabi ta kama sayar da abinci, ta ci gaba da riƙe 'ya'yanta da guminta. Da gobara ta cinye dukiyar Alhaji, duniya ta juya masa baya, sai aka taru a kan Rabi lallai ta koma ɗakinta. Wurin nan ne ya fi ci mini rai. Matar da ta tsayu da ƙafarta, ba wanda ya tambaye ta abin da take so. Marubuciyar ba ta hau mumbari ba, ta dai ajiye mana lamarin a gabanmu, kowa ya duba gidansu.

To, yaran da aka kora tare da uwarsu, ina suke zuwa? Su ne yarinyar da ke yawo da farantin talla a tasha har bayan isha'i. Su ne yaron da ya bar aji saboda kuɗin jarrabawa, yau yana bakin titi ana neman sa ranar gangamin siyasa. Sai a 2012 gwamnatin Kano da Hukumar Hisba suka fara aurar da zawarawa rukuni-rukuni, shekara 22 bayan fitowar littafin. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya tayar da maganar dokar iyali da za ta taka wa mai ƙara aure ba hali birki, aka yi ta cece-ku-ce. Abin da fada da gwamnati suka zo suna muhawara a kai, mace ɗaya ta riga ta rubuta shi a ɗan littafin da ake sayarwa a kasuwa.

Haka mawaƙa. Marigayi Ɗan Maraya Jos, da ɗan kuntiginsa, ya yi wa karen mota waƙa a lokacin da makaɗa da dama ke bin ƙofar masu mulki da masu kuɗi. Ya ga mutum a wurin da jama'a ke ganin ɗan ɗauko kaya.

Ko a kan tashin hankalin da muke ciki, marubuta ba su yi shiru ba. Da Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, labarin da ya zo na ɗaya shi ne Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan rayuwar 'yan gudun hijira. Mu a gidan rediyo adadi muke karanto muku: mutum kaza sun rasu, kaza sun tsere. Marubuci shi ke tsayawa a kan mutum ɗaya, ya bi shi har inda zai kwana, ya sa ka ji yunwarsa.

Ba ina cewa duk abin da aka rubuta alheri ba ne. Akwai na gaggawa, akwai kwaikwayon finafinan Indiya, akwai masu batsa, akwai waɗanda ƙa'idar rubutu ba ta ishe su kallo ba. Masana irin su Farfesa Ibrahim Malumfashi da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi doguwar muhawara a jaridu kan darajar wannan adabi, kuma ta amfane mu. Abin da bai amfane mu ba shi ne ƙona littattafai da aka yi a Kano a 2007 da sunan gyaran tarbiyya. Littafi mai rauni edita yake bukata da mai sharhi, ashana ba ta gyara jimla.

Yau rubutun ya koma waya. Matasa na sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, mai karatu ya tura kuɗi a saka shi a zaure. A nan ake rubuta labarin garkuwa da mutane, da tsadar abinci, da shaye-shaye, da auren da talauci ya kashe. Waya na lalacewa, zaure na rushewa, labarin ya tafi ke nan. Littattafan shekarun 1990 sun yi sa'a, Farfesa Graham Furniss ya tara ɗimbinsu a makarantar SOAS da ke Landan. Na yau fa, wa ke tara su? Ina kira ga sassan Hausa da ɗakunan karatu na Jami'ar Bayero, da ta Ahmadu Bello, da ta Usmanu Ɗanfodiyo, da ta Abdou Moumouni a Yamai, su nemi waɗannan marubuta, su karɓi izininsu, su adana rubutun tun yana hannu.