Kada Ku Kore Shi, Ku Kai Shi Asibiti

Akwai wani yaro a unguwarmu. Duk mun san shi. Ya daina zuwa majalisa, ya rame, hannunsa duk tabon allura. Mun kira shi ɗan ƙwaya, mun yi masa Allah wadai, mun rufe ƙofa. To wa ya tambaye shi yaushe rabonsa da barci? Wa ya tambaye shi ko ransa na yi masa daɗi?

Da yawa cikin masu yi wa kansu allurar maye suna fama da ciwon damuwa. Ciwo ne na gaske, ba raunin imani ba ne, ba lalaci ba ne. Wanda ya kamu da shi yakan fid da rai daga gobe. Wanda ya fid da rai kuwa, ina ruwansa da sirinjin da aka miƙo masa? Na wane ne? Jinin wa ke ciki? Ba ya tambaya, sai ya soka. Ta nan ƙanjamau ke shiga. Ta nan ciwon hanta ke shiga. Daga jikinsa kuma sai matarsa, sai jaririnsu.

Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da gwamnatin Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum kusan 80,000 ne ke yi wa kansu irin wannan allura. A cikin baligan ƙasar baki ɗaya, masu ƙanjamau ba su kai 2 cikin 100 ba. A cikin masu allura, kusan 1 cikin 10 ne. Kuma ba maza kaɗai ba ne: cikin masu shaye-shaye huɗu, ɗaya mace ce. 'Ya'yanmu ne!

Amma ciwon damuwa yana da magani. Akwai na haɗiya, akwai zama da likita a yi ta tattaunawa har nauyin zuciya ya ragu. In mutum ya fara jin yana son rayuwa, zai ƙi sirinjin wani. Zai yarda a yi masa gwaji. In yana ɗauke da ƙanjamau, zai iya shan maganinsa kullum, abin da damuwa ke hana mutane da yawa. Ni dai a ganina, daga nan ya kamata a fara.

Don haka mu tashi! Baba, kada ka kore shi. Inna, zauna da shi yau, ki saurare shi ba faɗa. Yaya, kama hannunsa ku tafi: akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Ku ce wa likita a duba damuwarsa, a kuma yi masa gwajin ƙanjamau. Maganin ƙanjamau kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Malam, faɗa wa jama'a a kan mumbari cewa neman magani ba abin kunya ba ne. Mai kemis, kada ka sayar da allurar pentazocine sai da takardar likita, amma kada ka hana mutum sabon sirinji.

In ya soka allurar wani, ku garzaya da shi asibiti kafin awa 72, akwai maganin kariya daga ƙanjamau. In ya ce ya gaji da duniya, kada ku bar shi shi kaɗai ko na dare ɗaya. Ku kwana tare da shi, gari na wayewa ku tafi wurin likita.