Haƙorin Ƙarshe Ba na Wanzami Ba Ne

Kai mai karatu, ka taɓa ƙirga haƙoranka? Yaro 20 gare shi. Babba kuwa, in sun cika, 32 ne. Huɗu na ƙarshe suna can ƙuryar baki, biyu sama, biyu ƙasa. Galibi ba su fitowa sai tsakanin shekara 17 da 25, shi ya sa Turawa ke ce masu haƙoran hankali. Wasu mutane ma ba su fito masu sam, kuma babu illa.

To, ina matsalar take? Shi wanga haƙori baƙo ne da ya zo bayan an gama rabon wuri. In muƙamuƙi na da fili, sai ya fito daidai, ya zauna lafiya. Irin wannan ba a taɓa shi. In babu fili, sai ya karkace ya tokare maƙwabcinsa, ko ya leƙo rabi, dasashi ya lulluɓe rabi. Nan ƙarƙashin tsokar abinci ke maƙalewa, asawaki bai kai wurin. Daga nan sai kumburi, sai mugunya, sai warin baki. Ba tsutsa ba ce, ba kuma sammu ba ne. Dauɗa ce ta samu maɓoya.

Da yawa cikinmu, in ciwon ya taso, sai mu sa kanumfari ko garin taba, ko mu sayi ƙwaya wurin mai tebur. Zafi ya lafa kwana biyu, ciwo na nan na ci. In abin ya ƙi, sai a nufi wanzami ya sa awartaki.

Wanzami mutumin kirki ne, kuma yana da aikinsa. Amma wanga haƙori ya fi ƙarfinsa. Saiwarsa kan lanƙwashe cikin ƙashi, ido bai ganinta. Na ƙasa kuma kusa yake da jijiyar da ke sa leɓe ya ji taɓi. In aka fizge shi da ƙarfi, saiwa na iya karyewa ta saura ciki ta ruɓe, ko leɓe ya mutu. Ƙarfen da ba a tafasa ba kuwa yana ɗauko ciwon hanta ko sida daga bakin wani ya kawo naka. Likitan haƙori yakan ɗauki hoton ƙashi in akwai bukata, ya yi allurar kashe zafi, sa'an nan ya cire da kaya masu tsabta.

Za ka ce kuɗi. Gaskiya ne, asibiti sai da kuɗi. Amma lissafa da kyau. Matasa ne ciwon ya fi kamawa, su ne kuwa ƙarfin gona da garkar albasa, su ne masu tafiya ci-rani. Sati biyu kwance da kumburarren kumatu ya fi kuɗin mota tsada.

Mu mutanen Tsarnawa kan mararraba muke. Ga Ƙonni nan kusa. Ga hanyar Galmi, inda akwai asibiti tun 1950. Ga kuma hanyar Tawa. Fara da likitar garinku, su za su gaya maka inda likitan haƙori yake. Kafin ka isa, kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri.

Amma in ka ga zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko kumburi ya gangaro wuya har haɗiya ta yi wuya, kar ka jira gari ya waye. Irin wannan yana toshe numfashi, yana kisa.

Bayan an cire, ciji audugar da aka sa maka wajen rabin awa. Ranar farko kar ka kurkure baki, kar ka sha taba, don gudan jinin da ya toshe ramin shi ne ke warkar da shi. Sha fura ko kunun da ya huce.

Ka karanta wa na gida wannan, musamman samari da ƴammata. Wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwo zai ɓoye shi.