Iyafis: Daɗin Sauti Da Lafiyar Kunne Hanyarsu Ɗaya

Duk wanda ya shiga motar haya a Legas ko Kano a wannan zamani, da wuya ya sauka bai ga saurayi ko budurwa da ɗan wani abu toshe a kunne ba, suna kaɗa kai su kaɗai. Wannan abu shi ake kira iyafis. Yawancin masu saye sun ɗauka tsadarsa ce ke kawo daɗin sauti. Lalle kuɗi na da nasa rabo, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda 'yar robar da ke bakinsa ta zauna cikin kunne. A kan wannan zama ne daɗin kiɗa, da sauƙin sawa, har ma da lafiyar kunnen suka rataya.

Abin dai ba sabo ba ne. Tun cikin 1954 da aka fara sayar da rediyon aljihu a Amurka, akwai abin saurare na kunne guda da ake jona masa. A 1979 kamfanin Sony na Japan ya fito da Walkman, watau ƙaramin rikoda mai cin kaset, sai dai abin saurarensa a ka ake ɗora shi. Kamfanin Apple ne ya yayata fararen iyafis tare da iPod a 2001, sa'an nan ya kawo AirPods marasa waya a 2016. Yau iyafis iri biyu ne: akwai mai tauri wanda ke tsayawa a ƙofar kunne, akwai kuma mai bakin roba wanda ke shiga cikin ramin kunne ya toshe shi. Na biyun shi ne abin magana a nan.

A cikin yawancin iyafis akwai ɗan maganaɗisu, da naɗaɗɗiyar waya siririya, da tantani. Idan lantarki ya bi ta wayar sai tantanin ya yi ta karkarwa yana tura iska, kamar yadda fatar ganga ke yi in an buga ta. Ramin kunnen babban mutum bai wuce kimanin santimita 2.5 ba, saboda haka iskar da ke tsakanin iyafis da dodon kunne kaɗan ce ƙwarai. Muddin robar ta rufe ramin ruf, ɗan tantanin nan zai iya fitar da amo mai kauri. Amma da zarar an sami kafa, ko da ƙarama ce, sai iskar ta tsere, kaurin amo ya bi ta, a bar mai saurare da sauti siriri kamar na gwangwani. Shi ya sa iyafis mai tsada wanda bai zauna daidai ba kan kasa mai araha wanda ya zauna.

Mai son gwadawa ba ya bukatar wata na'ura. Ya sa waƙar da kunnensa ya riga ya sani, alal misali ta marigayi Mamman Shata, ya kasa kunne ga kalangu. In ya ji ƙasan kiɗan cike, to robar ta zauna. In kuwa sai ya danna iyafis da yatsa kafin kaurin ya fito, robar ta yi masa kaɗan. Daga nan ya koma ga kuntigin Ɗan Maraya Jos, ya ji ko tsirkiyar na fita tangaran ba tare da ta soki kunne ba, ko kuma kiɗa ya danne muryar mawaƙi.

Batun sauƙin sawa kuwa, kunnuwa sun bambanta, har na mutum guda ma wani lokaci na dama bai zama daidai da na hagu ba. Saboda haka ne masu ƙira kan sako roba girma uku cikin kwali: ƙarama, da matsakaiciya, da babba. Mutane da yawa kan tsaya ga wadda suka tarar a jiki, su watsar da sauran, alhali kuwa kamata ya yi a gwada su duka. Wajen sawa, a ɗan ja leɓen kunne sama da baya don ramin ya miƙe. Akwai kuma masu bakin soso, waɗanda ake matsawa a tura, su kumbura su cika ramin. Wanda ya ji zafi bayan rabin sa'a, robar ta yi masa girma. Bugu da ƙari, a riƙa goge ta, gama dauɗar kunne kan toshe bakin iyafis ta rage sauti, kuma kada a yi aronta tsakanin mutane.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne wajen lafiya. Iyafis ɗin da bai toshe kunne ba yakan bar ƙarar mota da ta janareta su shiga, sai mai saurare ya yi ta ƙara murya don ya danne su. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa biliyan 1.1 na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. A 2019 ta fitar da ma'auni: babban mutum zai iya sauraron ƙarar da ta kai desibel 80 na sa'a 40 a mako, yaro kuwa desibel 75. Desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage rabin lokacin. Wanda ya kai desibel 90, sa'a 4 kaɗai gare shi a mako. Can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar katantanwa, ɗauke da dubban ƙwayoyi masu gashi-gashi waɗanda ke karɓar sauti. In ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. Abin baƙin ciki shi ne ɓarnar a hankali take zuwa, ba zafi ba jini. Wanda ya cire iyafis ya ji kunnensa na ƙugi, to kunnen ya yi masa kashedi ke nan.

Robar da ta zauna daidai tana tare hayaniyar waje, don haka mai ita kan ji kiɗansa sosai ba tare da ya ƙure murya ba. Sai dai kuma tana tare ƙahon mota. Mai tsallaka titi da mai tuƙa babur su cire ta tukuna.

Bahaushe ya ce rigakafi ya fi magani. Mai shirin sayen iyafis ya fara duba ko akwai roba girma-girma a kwalin kafin ya tambayi kuɗi, ya zaɓi wadda ta dace da kunnensa, ya tsayar da murya wajen rabi ko sama kaɗan, ya kuma riƙa hutar da kunne. Iyafis in ya lalace akwai wani a kasuwa, kunne kuwa biyu ne tak.