RA'AYINMU: Manhajar Kyauta a Hannun 'Yan Kasuwa



A wannan makon muna so mu ja hankalinku kan wata manhaja mai suna VirtualBox. Aikinta shi ne ta gina kwamfuta a cikin kwamfuta. Na'ura mai Windows sai ta buɗe taga, a cikin tagar kuma Linux na aiki kamar wata na'ura daban. Ɗalibi zai yi gwaji a ciki, ya ɓata, ya goge, ya sake, ita kuwa uwar na'urar ko gezau. Ga makaranta irin tamu, inda ɗalibai ke layi kan kwamfuta ɗaya, wannan babbar ni'ima ce. Kyauta ake samunta, kuma rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake, kowa na iya karantawa ya gyara.

Abin da ke damunmu shi ne ubangidanta. Wani ƙaramin kamfanin Jamus, Innotek, shi ya buɗe ta ga duniya a 2007. A 2008 kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya saye Innotek. A 2010 Oracle ya haɗiye Sun ɗin kan dala biliyan 7.4. Mu duba yadda sauran kayan Sun suka ƙare a sabon gida. A shekarar aka daina OpenSolaris. Masu aikin sa kai na OpenOffice suka ɓalle suka kafa LibreOffice a watan Satumba, a 2011 kuma Oracle ya sauke nauyin OpenOffice ya miƙa wa gidauniyar Apache. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Don adalci, Oracle bai yasar da VirtualBox ba, har ya fitar da zubi na 7 a 2022. Sai dai akwai wani ƙarin sashe nata da rubutunsa a rufe yake: kyauta ne ga mai amfanin kansa da makarantu, 'yan kasuwa kuwa sai sun biya. Kishiyarta VMware ma ta sauya hannu, domin Broadcom ya saye ta a Nuwamba 2023. Ya daina sayar da lasisin dindindin, ya koma karɓar kuɗi lokaci-lokaci, sannan a 2024 ya ce manhajarsa ta kwamfutar tebur ta zama kyauta. Abin da aka ba ka da sanarwa ɗaya, sanarwa ɗaya ta isa ta karɓe shi.

Mu mutanen Illela mun san ɗacin hukuncin da ake yankewa a nesa. An rufe iyaka a Agusta 2019, ba a buɗe ba sai Disamba 2020. An sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Ba wanda ya nemi shawarar iyayenmu masu fatauci tsakanin nan da Birnin Konni. Haka ma ranar da wani kamfani zai ga VirtualBox ba ta kawo riba, ba wanda zai tambayi ɗalibin Darna.

Lasisin GPL ya ba mu kariya guda: abin da aka riga aka saki ba ya komawa cikin akwati. Amma manhajar da ba mai kula da ita takan tsufa, domin duk sauyin da Windows ko Linux suka yi sai an bi ta da gyara, gyaran kuma na buƙatar ƙwararru.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Na ɗaya, malaman kwamfuta su ajiye kwafin manhajar a filashi, don data tsada gare ta, sabis kuma yakan ɗauke. Na biyu, a riƙa adana kwamfutocin gwaji a tsarin OVA, wanda wasu manhajoji ma ke iya buɗewa. Na uku, a nuna mana QEMU da KVM, waɗanda ke tafiya da Linux, don mu fahimci yadda aikin yake, kada mu tsaya kan haddace inda ake dannawa.

Kayan aro ba ya rufe katara. Ilimin da ya zauna a kanmu shi ne namu.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta makaranta.