Sharhi a Gefen Shafi: Matsayin Manhajojin Ta'aliki a Ajin Nazarin Hausa

Rubutu a gefen shafi tsohuwar al'ada ce ta ilimi a wannan yanki. A makarantun zaure, ɗalibin da ke karatun Ahalari ko Ishmawi ko Risala yakan rubuta ma'anar kalma da ajami a tsakanin layuka yayin da malam ke fassara, wanda ya gaji littafin kuma ya ƙara nasa. A Borno ma an samu kwafe-kwafen Alƙur'ani masu ɗauke da ta'aliki cikin tsohon harshen Kanembu, waɗanda A.D.H. Bivar ya jawo hankalin masana gare su, ɗayansu yana ɗauke da tarihin shekarar 1669. Wannan maƙala tana da ra'ayin cewa manhajojin sharhin haɗin gwiwa na intanet sun dace da wannan gado, kuma ya kamata sassan Hausa su karɓe su bisa sharuɗɗa.

Fitattu daga cikinsu su ne Hypothesis, wadda Dan Whaley ya assasa a 2011, da Perusall, wadda wasu masana a Jami'ar Harvard, ciki har da Eric Mazur da Gary King, suka samar. Aikinsu bai da sarƙaƙiya: malami zai ɗora matani, ɗalibi ya zaɓi kalma ko jimla ya rubuta tambaya ko bayani a gefenta, sauran 'yan aji su gani su mayar da martani. Ko Google Docs yana iya yin kwatankwacin wannan aiki.

Alfanun farko shi ne tabbatar da an karanta matanin kansa. Sanannen abu ne cewa ɗalibai da dama sukan shiga jarrabawar adabi da abin da suka haddace daga takardun lacca, ba tare da sun buɗe Ruwan Bagaja ko Ganɗoki ba. Wanda aka nema ya yi sharhi a kan takamaiman sakin layi ba shi da mafita sai ya karanta shi. Na biyu, aji guda yakan haɗa Basakkwace da Bakatsine da Bakano da Bazazzagi. Kalmar da ta shige wa ɗaya duhu a waƙar Imfiraji ta Aliyu Namangi tana iya zama kalmar da wani ya tashi da ita a gida. Idan suka yi bayani a gefen baiti, aji ya samu ƙaramin ƙamusun karin harshe. Na uku, ɗalibin da kunya ko cunkoson zauren lacca ke hana shi magana yakan samu bakin faɗa a rubuce.

Sai dai akwai cikas. Yawancin tsofaffin littattafan Hausa da ke yawo a wayoyi hotunan shafuka ne, kuma zaɓar kalma yana buƙatar rubutun da na'ura ke iya ganewa. Manhajojin gane rubutu sukan mayar da ɓ da ɗ da ƙ zuwa b da d da k, sai "ƙafa" ta koma "kafa". Matanin ajami ya fi wannan wuya. Ga kuma haƙƙin mallaka, da tsadar data, da rashin tsayayyar wutar lantarki. Babban haɗari kuwa shi ne bayar da maki bisa yawan sharhi. Perusall tana da tsarin auna sharhi da kanta, amma malamin da ya sallama mata alƙalaminsa zai tarar da shafi cike da "haka ne" da "na yarda". Auna zurfin fahimtar salo da azanci aikin malami ne.

Saboda haka, ya kamata sassan Hausa su fara da tanadin ingantattun matani da aka buga bisa daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, tare da izinin masu haƙƙi. A raba manyan azuzuwa zuwa ƙananan rukunoni a rufaffen dandali, a ba da wa'adin mako guda domin marasa data su samu sarari, a kuma auna sharhi biyu masu hujja maimakon goma marasa kan gado. Wajibi ne malami ya shigo zauren lacca da tambayoyin da suka taso a gefen shafi, ya warware su gaba da gaba, kamar yadda malamin zaure ke yi wa almajiransa.